Shekara Biyar a Hanyar Zama Injiniyan Injuna

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu a cikin garin Azare, da Katagum, da Gamawa, da Madara, da Chinade, da Yana, da Giade, da Itas, da Gadau, da duk inda muryarmu ke kaiwa, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa a kan ilimi da sana'a. Yau maganarmu da iyaye ce da ɗaliban babbar sakandare. In akwai yaro ko yarinya a gidan da ke cewa injiniya yake son zama, don Allah a kira shi ya matso kusa da rediyo. Za mu bi karatun digirin injiniyan injuna, wanda ɗalibai ke kira Makanikal, tun daga abin da ake nema kafin a ba da gurbi har zuwa ranar da hukuma za ta yi wa mutum rajista.

Akwai tambayar da iyaye suka fi yi, kuma tambaya ce mai ma'ana. Sukan ce, Malam, shekara biyar cur a jami'a don yaro ya koyi gyaran inji? Ga gareji nan a bakin titi, a shekara uku ya ƙware, yana ma kawo cefane gida. To, mu je fadamar kogin Jama'are mu nemo amsa.

Watan Maris ne, rani ya yi nisa. Manomi ya kafa injin ban-ruwansa a bakin rijiyar burtsatse, injin da tun Disamba yake ba shi ruwa lafiya lau. Yau ya ja igiya, inji ya tashi, ƙararsa tana nan yadda take, amma ruwa sai tsiyaya, in ma ya zo. Wani lokaci ka ji cikin famfon na ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, duk a banza. Tsofaffin 'yan lambu sun san magani: a haƙa rami a saukar da injin ƙasa, kusa da ruwa. Sun sani domin sun sha gwadawa. Ɗalibin aji uku a wannan fanni zai gaya maka dalili, kuma da alƙalami zai gaya maka tun ba a sa shebur a ƙasa ba. Famfo ba da ƙarfinsa yake jawo ruwa ba. Abin da yake yi shi ne ya rage matsin da ke cikin mesa, sai nauyin iskar duniya da ke danne ruwan ya turo shi sama. Wannan nauyi kuwa yana da iyaka. Ko famfon ba shi da aibi ko ɗaya, ba zai ɗago ruwa fiye da mita 10 da 'yan kai ba, a aikace ma da wuya ya wuce mita 7 zuwa 8. Da ruwan ƙasa ya janye ya wuce nan, ko injin sabo ne fil daga kwali ba zai kawo shi ba. Ƙarar tsakuwar nan kuma ƙananan kumfa ne na tururi ke fashewa a jikin fankar famfon, in aka bar su sai sun rarake ta.

Aikin injiniya ke nan. Shi ake tambaya wane girman famfo za a saya, wane faɗin bututu, ƙarfin doki nawa, mai lita nawa zai sha a yini, tun ba a kashe kobo ba. Shi ke zana injin da babu shi, ya lissafa kaurin kowane ƙarfe a ciki, ya sa hannu cewa ba zai karye ya kashe mutane ba. Bakanike kuwa yana da sanin da hannu da kunne suka tara masa, kuma zan dawo kansa, domin ɗalibin da ya raina bakanike ya cuci kansa.

Yanzu sharuɗɗan shiga. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma dole huɗu daga ciki su zama Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri. Na biyar ya fito daga darussan da jami'ar ta amince da su, galibi na kimiyya ko na fasaha. Yawancin jami'o'i na karɓar sakamakon zama biyu, ba fiye da haka ba, wasu kuma sukan fifita mai zama ɗaya. Kun ga ashe maganar ba a aji shida take farawa ba. Tun ranar da yaro ya shiga aji huɗu aka raba 'yan kimiyya da 'yan adabi da 'yan kasuwanci, tun ranar aka yanke rabin hukuncin.

Saboda haka, iyaye, ga abin da nake roƙonku. Ku taka da ƙafarku zuwa makarantar 'ya'yanku ku tambaya: akwai malamin Fiziks tsayayye? Yara na shiga ɗakin gwaji suna taɓa kayan da hannunsu, ko sai ana saura mako biyu jarrabawa ake fito da su a karkaɗe ƙura? Ana koyar da Lissafi mai zurfi da Zanen Fasaha? Waɗannan biyun ba kowace jami'a ke wajabta su ba, amma wanda ya yi su a sakandare shekararsa ta farko takan zo masa da sauƙi ƙwarai. In makarantar ba ta da malami, ku haɗa kai ku iyayen unguwa ku nemi wanda zai riƙa ba yaran darasi da yamma. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Akwai kuma abin da dole in faɗa ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Wuraren nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, uban da ya kai ɗansa can bai taimake shi ba. Zai samu kiredit a takarda, ya samu gurbi, a yi murna a gida. Zangon farko a jami'a malamin Lissafi zai shigo ya fara daga inda ya ɗauka sakandare ta tsaya, yaro ya zauna yana kallon allo bai san gaba ba bai san baya ba. Irin waɗannan su ne ake sallama bayan shekara ɗaya ko biyu, su dawo gida da kunya da asarar kuɗi. A wani fannin mai yiwuwa a lallaɓa a fita. A injiniyanci kowane darasi a kan na bayansa yake zaune.

Sai jarrabawar JAMB. Darussa huɗu ake rubutawa: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri. Ku kula da kyau a nan, domin duk shekara akwai yaran da ke sa Bayoloji a madadin ɗaya daga ciki, saboda mai shagon kwamfuta ne ya cike musu fom, sai bayan sakamako ya fito mai kyau a ce musu haɗin darussansu bai dace da Makanikal ba. Ɗana, 'yata, tsaya a kan fom ɗinka har a gama, ka karanta da idonka kafin a tura. Ana neman lambar ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista, kuma sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai a NIN da JAMB da takardar sakandare. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wani wuri, wannan kaɗai ya isa ya jawo maka zirga-zirgar wata da watanni. Makin jarrabawar 400 ne gaba ɗaya. Ƙaramin makin da ake shelantawa a labarai kowace shekara ƙofar gari ce kawai. Sashen injiniyanci yakan sa nasa a sama da haka saboda yawan masu nema, sannan jami'a ta yi tata tantancewar. In an ba ka gurbi, sai ka shiga shafin JAMB da ake kira CAPS ka karɓa da kanka. Gurbin da bai bi ta nan ba, ko wa ya yi maka alkawarinsa, zai zame maka matsala ranar tafiya bautar ƙasa.

Akwai albishir ga 'yan jiharmu. A tsarin jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na gurabe na masu mafi yawan maki ne daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta a baya wajen ilimin boko, kuma Bauchi na cikinsu. Ƙofa a buɗe take, mai shiga ake nema.

Ina ake karatun? Mafi kusa da mu a cikin jiha ita ce Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi. An kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 da sunan da take amsawa yau, kuma injiniyanci na cikin abin da aka san ta da shi. Akwai ita Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka buɗe a 1962, uwa ga yawancin tsofaffin injiniyoyin Arewa. Akwai Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, wadda ke kan hanyarmu ta zuwa Kano, da Jami'ar Maiduguri. Duk wadda za ka zaɓa, ka tabbatar hukumomi biyu sun amince da sashen: Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da majalisar da ke kula da aikin injiniya, COREN. Wannan tambaya ta fi tambayar kyan ginin makaranta muhimmanci.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna tare a kan karatun injiniyan injuna. Yanzu an ba yaronmu gurbi, ya ɗauki jaka ya tafi. Me zai tarar?

Shekarar farko babu inji a cikinta ko ɗaya, kuma wannan kan ba ɗalibai mamaki. Lissafi ne, da Fiziks, da Kemistiri, da gwaje-gwajensu, da sanin kwamfuta, da darussan gama-gari irin su Turanci da sanin al'ummomin Najeriya. A cikin Lissafin ne ake haɗuwa da kalkulas, lissafin yadda abu ke sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, kamar gudun fistin ko hucewar ƙarfe. Wanda ya riƙe shi da kyau a nan ya huta har ya gama. Aji kan cika maƙil, ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki ɗaya, malami ba zai san sunanka ba balle ya tambayi dalilin rashin zuwanka. Yaron da ya saba sai an tsaya a kansa yake karatu, a nan yake fara zamewa.

A shekara ta biyu ake shiga tsangayar injiniyanci sosai, kuma a yawancin jami'o'i ɗaliban gine-gine da na lantarki da na injuna tare suke ɗaukar darussan tushe. Ana koyon zanen injiniya, wato yadda za ka zana ƙarfe ta gaba da ta sama da ta gefe, da awonsa har zuwa ƙasa da milimita ɗaya, ta yadda maƙerin da bai taɓa ganinka ba zai ƙera shi ya shiga wurinsa daidai. Ana koyon yadda nauyi ke rarrabuwa a jikin abu, da halayen ƙarafa, da tushen lantarki, da rubuta wa kwamfuta umarni. Sai ɗakin ƙere-ƙere. A nan za a miƙa maka guntun ƙarfe da zarto da magagari, a ce ka mayar da shi murabba'i, kowane gefe a miƙe, kowace kusurwa daidai. Za ka goga har tafin hannunka ya yi bororo, ka kai wa mai kula da ɗakin, ya ɗora ma'auni ya ɗaga sama wajen haske, ya nuna maka siririn hasken da ke ratsawa ta ƙarƙashi, ya ce koma. Wannan mutumin sau da yawa ba shi da digiri, amma abin da zai koya maka a wata uku babu shi a littafi. Ka gaishe shi da ladabi, ka riƙa zuwa da wuri. A nan ake koyon walda, da narka ƙarfe a zuba a ƙira, da sarrafa injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. A dogon hutun ƙarshen shekarar kuma akwai makonnin aikin hannu da ake kira SWEP, kuma da maki a kansa.

Shekara ta uku da rabin ta huɗu su ne cibiyar karatun, kuma nan zan ɗan daɗe. Akwai darasin zafi da ƙarfi, wanda ke bayyana yadda mai ke zama motsi. A nan ɗalibi zai gane me ya sa injin gas ba shi da fulogi: fistin na matse iska har ta koma kusan kashi ɗaya cikin ashirin na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, ana fesa mai ya kama da kansa. Bajamushe Rudolf Dizal ne ya fito da injin da ya yi aiki a kan wannan tsari a 1897. Zai kuma gane wani abu mai ɗaure kai: a injin mota na yau da kullum, abin da ke zama aiki daga ƙarfin man da ka saya bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana fita a zafi ta salansa da lagireto. Ba laifin kamfani ba ne. Tun 1824 wani Bafaranshe, Sadi Karno, ya nuna cewa duk injin da ke aiki da zafi yana da iyakar da ba zai tsallake ba. A wannan darasin ne tushen firji da na'urar sanyaya ɗaki yake, abin da masu sayar da ƙanƙara da kifi da ma'ajiyar alluran rigakafi a asibitocinmu suka dogara a kai.

Akwai darasin motsin ruwa da iska, inda labarin famfon fadama ya fito. Akwai darasin ƙarfin ƙarafa, wanda ke koya maka cewa ƙarfe yana gajiya. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa sau ɗaya, ba za ta karye ba. Ka yi ta kai da kawowa, sai ta tsinke a hannunka. Haka shaf ɗin injin niƙa ke yi, kuma kusan kullum daga wurin da aka yanka shi da kaifin kusurwa tsagewar ke farawa. Wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. A 1954 jiragen sama biyu na Ingila ƙirar Comet sun tarwatse a sararin sama da fasinjoji, bincike ya gano gajiyar ƙarfe ce da ta faro daga kusurwoyin ƙofofin da aka yanka a jikinsu. Sai darasin zana injuna, inda ake haɗa duk wannan: zaɓen boris, da giya, da bel, da kaurin shaf. Ga ɗan misali da kowane mai injin niƙa zai gane. In moto na juyawa sau 1,440 a minti, garen da ke kansa faɗin santimita 10 ne, na kan injin kuma santimita 20, to injin zai juya sau 720. Canza gare ɗaya ba tare da lissafi ba na iya sa gari ya fito da zafi, ko moto ya ƙone. A waɗannan shekarun ne kuma ake komawa zane da lissafi a kwamfuta, da manhajoji irin su AutoCAD da SolidWorks da MATLAB.

Rabin shekara ta huɗu na biyu ba a makaranta ake yin sa ba. Wata shida ne na koyon aiki a masana'anta, shirin SIWES, wanda Asusun Horas da Ma'aikata, ITF, mai hedikwata a Jos, ya fito da shi a shekarun 1970. Ana ba ɗalibi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, mai kula da shi ya sa hannu, malami ya zo dubawa, shi kuma ɗalibin ya dawo ya kāre rahoto. A ganina waɗannan watanni shida sun fi kowane zango daraja, kuma su aka fi wasa da su. Wani sai ya nemi ofishin kawunsa, ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, a ƙarshe a buga masa hatimi. Wallahi abin na ci mini rai. Na san samun wuri da wuya. Masana'antun da suka horas da iyayenmu, irin su kamfanin haɗa tarakta da manyan motoci na Steyr a Bauchi da masaƙun Kaduna da Kano, yawancinsu ba sa aiki yadda suke yi a da. Amma akwai kamfanin siminti na Ashaka a Gombe, akwai injunan casar shinkafa a Kano da Jigawa, akwai hukumomin ruwa, akwai sashen kula da injuna na manyan asibitoci irin namu na tarayya a nan Azare, inda janareta da famfuna da na'urorin sanyi ba sa hutawa. Ko babban gareji ne mai aikin gaske, inda za ka sauke inji ka haɗa da hannunka, ya fi ofis mai sanyi da ba ka taɓa komai ba. Ka fara neman wuri tun kana aji uku.

Shekara ta biyar ta zaɓi ce da kammalawa. Ɗalibi na karkata zuwa ɓangaren da ya fi so, ko motoci, ko samar da wuta, ko sanyaya, ko sarrafa kaya a masana'anta. Ana ƙara masa darussan tafiyar da aiki, da lissafin kuɗin kwangila, da doka da amanar sana'a. Sai babban aikin kammalawa, wanda yake ɗaukar shekarar duka: ka zana abu, ka ƙera, ka gwada, ka rubuta, ka tsaya gaban malamai har da wani daga wata jami'a su yi maka tambayoyi. A nan ina da kira ga 'ya'yan ƙasar Katagum. Kada ka sayi tsohon aikin wani ka canza suna. Ka dubi gida. Tumatur da tattasai na ruɓewa a lokacin kaka don babu na'urar busarwa mai araha. Mata na ɓarar gyaɗa da sussukar gero da hannu. Manomin riɗi na asara wajen shiƙa da tsaftacewa. Kowanne daga cikin waɗannan aikin kammalawa ne cikakke, kuma wanda ya yi shi da gaske yana iya fita da abin sayarwa a hannunsa.

Bari mu yi maganar maki, domin iyaye da yawa ba su san yadda ake lissafa shi ba. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake kira yunit, galibi biyu ko uku. Maki 70 zuwa sama shi ne A, yana da daraja biyar. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifiri. Ana ninka darajar da yunit, a tara, a raba da jimillar yunit, abin da ya fito shi ne CGPA, kuma yana bin ɗalibi tun daga zangon farko har na ƙarshe. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ke nan, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, wadda manyan kamfanoni da masu ba da tallafin ƙaro karatu suka fi nema. Darasin da ka faɗi sai ka maimaita shi, kuma sifirin farko na nan a lissafi. Shi ya sa wasan shekarar farko ke da tsada. Ɗalibai da yawa sukan shafe shekara huɗu suna biyan bashinsa. Ƙa'ida ce kuma sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na darasi kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Uba, in ɗanka ya dawo hutu, bayan ka tambaye shi lafiya, ka ce ya nuna maka takardar sakamako, ka tambaye shi ko yana da darasin da ya biyo shi.

Wanda bai samu shiga ta JAMB kai tsaye ba, kada ya karaya. Akwai karatun share fage, akwai IJMB da ke kai mutum aji biyu. Akwai hanyar kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta tarayya da ke Bauchi ko ta Abubakar Tatari Ali: shekara biyu ka samu ƙaramar difloma, in sakamakonka ya yi kyau ka nemi shiga jami'a daga aji biyu, ko ka yi shekarar koyon aiki ka ci gaba zuwa babbar difloma. Masu bin wannan hanya sukan iso jami'a da hannun da ya riga ya saba da aiki. 'Yan mata kuma, babu sharaɗi ko ɗaya a cikin duk abin da na lissafa da ya ce sai namiji. Yarinyar da ke cin Lissafi da Fiziks a ajinta, kada a karkatar da ita don kawai an ce aikin ƙarfe ne. Mafi yawan aikin a kan takarda da kwamfuta da kula da ma'aikata yake.

Batun kuɗi, ban da na makaranta da masauki da abinci, a tanadi na allon zane da kayansa, da rigar aiki, da takalmi mai ƙarfe a baki, da na'urar lissafi ta kimiyya, da kwamfutar hannu daga wajen aji uku, da kuɗin ƙera aikin kammalawa, wanda yakan zo wa iyaye ba zato. Tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. A nemi tallafin karatu na jiha, a kuma sa ido a kan na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF. A shirya wa jinkiri ma: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Bayan digiri da shekarar bautar ƙasa, da sauran mataki ɗaya. A dokar Najeriya, majalisar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke da ikon yi wa injiniya rajista, kuma tana neman mutum ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki bayan kammalawa, ya rubuta rahoton abin da ya yi, ya zauna gaban masu tantancewa. Sai bayan nan yake da hatimin da zai sa a kan zane. Ita majalisar ba masu digiri kaɗai take yi wa rajista ba, tana da matakin masu babbar difloma, da masu ƙarama, da masu sana'ar hannu, saboda haka ƙwararrun kanikawanmu da masu walda su ma su bincika nasu matakin. Akwai kuma Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya, NSE, wadda aka kafa a 1958, tana da rassa a jihohi, kuma ɗalibi na iya fara hulɗa da ita tun yana makaranta.

Lokaci ya cim mana. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki hanyar kwalejojin fasaha da jarrabawar NABTEB daki-daki, saboda yaran da ke gareji da shagunan walda waɗanda ke son haɗa sana'arsu da takarda.

(Kiɗan rufe shiri)